Sunan da Malama ba ta kira

Shafi na 14

Masu cika mini waya da "ina labarin Malama Samira", ku sassauta, ga ta nan na kawo muku. Wanda ya shigo yau ma ya gyara zama, bai makara ba.

*

Ana kaɗa ƙararrawar fita tara, 'yan aji biyu suka watse waje da ihu. Malama Samira ta tsaya tana goge allon da ta riga ta goge tas. Hannunta ne kawai a wurin. Da safe, kafin mijinta Kamilu ya wuce kasuwar albasa, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya ya ce mahaifiyarsa, Inna Sodangi, za ta taso daga Horo Birni yau, kuma ba za ta koma ita kaɗai ba. Da Nana za ta tafi.

Nana Fatima ita ce 'yar farin Samira. Tun ranar da aka yaye ta aka kai ta hannun kakarta, can ta yi shekara biyar. A farkon zangon nan ne Kamilu ya yi ta roƙo har tsohuwar ta yarda a kawo ta Bodinga ta yi karatu, da sharaɗi guda: in yarinya ba ta sake ba, a mayar mata da abarta. To, yarinyar da a Horo Birni sai an haɗa ta da Allah take yin shiru, wata biyu a gidan ubanta ta koma kamar an ɗinke mata baki. Labari kuwa ba ya neman kuɗin mota, tuni ya isa kunnen Inna.

"Malama, bar allon ga hakanan, kar ki goge mai fenti."

Hajiya Mairo ce, daga bencin ƙarshe. Jami'a ce daga ofishin ilimi, aikinta ta zaga makarantu ta ga yadda malaman Turanci ke magana da ƙananan yara. Gajeriyar dattijuwa, tabarau ɗaure da zare, goro a kumatu. Wannan ne zuwanta na uku ajin Samira, kuma kullum a bencin yara take matse jikinta, tana ɗige-ɗige a takarda.

Samira ta ƙaraso ta ɗan rusuna. "Ga ni, Hajiya."

"Zamna." Ta baje takardu uku a kan benci. A kowace ta zana ajin, kowane yaro ɗan da'ira a mazauninsa, malama babban da'ira a sama. Duk wanda ya buɗe baki da Turanci sai ta ɗiga masa ɗigo. "Duba ta hwarko. Kin ga gidanki?"

Samira ta duba, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Da'irarta ta yi baƙi ƙirin.

"Rannan ke kaɗai kinka yi ta zuba kamar rediyo, yara na kallon bakinki. Nac ce miki yaro ba shi koyon harshe da kunne kaɗai, sai ya motsa nashi. Kinka ji. Duba ta yau."

Ta yau kam abin sha'awa. Ɗigo ya warwatsu ko'ina kamar an watsa gero a tabarma. Tun da Hajiya ta koya mata dabarar ƙwallon tsumma ajin ya canja: malama ta jefa wa yaro ƙwallo ta yi masa tambaya, ya amsa, sannan shi ma ya tambaye ta wani abu kafin ya mayar.

"Kin yi ƙoƙari, Allah shi yi albarka."

"Amin, Hajiya. Na gode."

"Tau." Hajiya ta gyara tabarau. Ta ɗora yatsa a kan wata da'ira, layi na uku, jikin taga. Ta matsar da yatsan zuwa takarda ta biyu, wuri guda. Ta uku, wuri guda. Fari fat, ko ɗigo ɗaya babu. "Yara hamsin da bakwai. Har wanga mai barci da baki buɗe ya samu ɗigo biyu. Wagga hwa?"

Samira ta dubi da'irar, ta kawar da kai.

"Ruwa ba shi tsami banza, Malama. Kurma ta?"

"A'a."

"Ba ta da lahiya?"

"Lahiya lau take."

"Iyayenta sun yi miki laihi?"

"Subhanallahi, Hajiya."

"Tau mi sunanta?"

Samira ta sunkuyar da kai. Ta shiga murza bakin hijabinta. "Yarinyag ga... ta wurin taga..."

"Na ga taga. Suna nit tambaya."

"Shina cikin rajista, wurin malamin ajinsu. Bari in amso miki."

Har ta yunƙura, Hajiya ta riƙe mata hannu. Ta daɗe tana kallon fuskarta ta saman tabarau, sai ga murmushi ya ɓullo mata a hankali, irin na wanda ya tsinci abin da yake nema a aljihunsa.

"Ikon Allah. Ɗiyarki ta."

Hajiya ta saki hannun, ta ƙara tambaya.

"Ta hwari?"

Samira ta gyaɗa kai, idonta a ƙasa.

Wanda ya tashi a ƙasar nan ba ya bukatar ƙarin bayani. Uwa mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san yana wurin. Samira kuwa a wannan fanni ta ci lamba. "Ke." "Wance." "Yarinyar nan." Ƙanen Nana, Bashar, sunansa na fita daga bakinta sau ɗari a yini, har maƙwabta sun haddace. Ita kuma Nana, da ta rasa abin da za ta kira matar da aka ce ita ta haife ta, sai ta bi 'yan aji. Ko a tsakar gida "Malama" take cewa.

"Hajiya, ke kin san al'ada," in ji Samira, muryarta ƙasa-ƙasa. "Haka uwata tay yi ma yayanmu. Inna ma, surukata, ba abin da take yabona da shi irin kunya. Sannan ga aji. In na jehwa mata ƙwallo a ce Malama na son kai."

"Wa zai ce? Wanga mai barci?"

Samira ta kasa dariya. "Wallahi ba ƙi na ba. Kayan makarantarta ni naɗ ɗinka da hannuna. In na zuba abinci nata nika hwara cirewa. Dut amsar da yaro zai ba ni, ita nika kallo ta wutsiyar ido in ga ko ta gane."

"Ita ta sani?"

"Mi?"

"Ta san da wutsiyar idon?"



Hajiya ta ciro goron bakinta ta naɗe a 'yar takarda, alamar maganar ta wuce ta tauna.

"Bari in ba ki labari. Yau na yi sammako, mai keke ya aje ni ta bayan makaranta. Ina zagayowa, gindin dogonyaron can, sai nij ji muryarki. Nac ce kai, Malama ta hwara darasi tun ba a share aji ba? In leƙa, sai ga yarinyag ga ita kaɗai. Ta jera tsakuwa layi-layi, ta riƙe kara. Har yadda kike karkata kai ta iya."

Samira ta ɗago.

"Ta gaishe su da Turanci, ta sake murya ta amsa. Ta tambayi wagga suna, ta amsa. Ta tambayi waccan shekara nawa, mi take so ta ci, ina gidansu. Malama, abin da ɗiyag ga ta iya, rabin ajinki ba su kai nan ba. Dut abin da kinka taɓa hwaɗi cikin ajin ga shina kanta, ba ta zubar da ko ɗaya ba."

Wani abu mai ɗumi ya taso wa Samira a ƙirji. Daɗi ne, tsantsarsa, irin wanda ba ta san inda za ta sa shi ba.

"Ban ƙare ba," in ji Hajiya. "Akwai wata 'yar hwarar tsakuwa, layi na ukku. In ta zo kanta sai ta tsallake. Ta zagayo, ta sake tsallakewa. Sai nim matsa nac ce, malama ƙarama, wagga ba a tambayarta? Tac ce a'a. Nac ce don mi? Tac ce, wagga ni ta."

"Hajiya..."

"Nac ce tau don mi ba a tambayarki? Tay yi ta tona ƙasa da kara. Can tac ce, ina jin Malama ba ta san sunana ba."

Samira ta toshe baki da hijabi. Kukan bai yi ƙara ba, kafaɗunta ne kawai ke rawa. Shekara bakwai tana ɗauke da sunan nan a zuciya, tana faɗinsa a sujada, tana faɗinsa in ta ga rigar yara mai kyau a kasuwa, ashe mai sunan na can tana zaton an manta.

Hajiya ta bar ta sai da ta lafa.

"Ni da kike gani ɗiyar hwari ta. Uwata, Allah shi jiƙanta, har ta koma ga Mahalicci a Sifawa ban taɓa jin Mairo a bakinta ba. Kuma ban taɓa jin haushi ba. Kin san don mi? A ɗakinta nit tashi. Na san ƙanzon tuwo ni take ɓoye ma. Na san tarin da take yi in ta ga na yi nisa da gida. Shirunta ina karanta shi kamar allo. Ita wagga wa ak koya mata karatun naki? Bara war haka tana Horo Birni."

"Tau ƙaƙa za ni yi? In yar da kunya?"

"Ban ce ba. Gida naki na, ki yi yadda kinka iske. Amma nan aji na. A nan in malama ta tsallake yaro, abu guda yaro ka ji: ba ka iya ba, ko ba a son ka. Harshen ga kuwa ba gida ake jin shi ba, ba kasuwa ba. Bakinki kaɗai na ƙohwarsu. Kin buɗe ma hamsin da shida, kin kulle ma taki."

Samira ta share ido. Sai a lokacin ta gaya mata zancen Inna Sodangi, da sharaɗin, da motar da wataƙila tuni ta baro garin Shagari.

Hajiya ta dubi agogonta. "Ashe ba mu da lokacin kuka. In an dawo tara wa ke da ajin?"

"Malam Bawa. Lissahi."

"Ina zuwa. Minti goma zai ba mu, lissahi ba shi guduwa."

*

Yara suka dawo suna ƙamshin ƙuli da rake, suka tarar da Malamar Turanci tsaye da ƙwallon tsumma. Murna ta ɓarke. Hannuwa suka tashi tun ba a tambaya ba.

Nana ta wuce ta zauna a wurinta jikin taga. 'Yar siririya, idanu manya, hijabinta ya ɗan karkace. Ba ta ɗaga hannu ba. Ta daina tun sati na biyu.

Samira ta fara da wani yaro a gaba don ta ji ko muryarta na nan. Ta jefa, ya cafke, ya faɗi sunansa, ya tambaye ta launin da take so, aji ya tafa masa. Ta jefa wa na biyu.  A bencin ƙarshe Hajiya Mairo ta ɗora biro a kan takarda tana jira.

Ta juya wajen taga. Ta yi bisimilla a zuci, ta jefa.

Ƙwallon ya sauka a cinyar Nana.

Yarinyar ta dube shi. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ɗauka da hannu biyu ta miƙa wa ta kusa da ita, cikin ladabi, kamar mai mayar da canjin da aka ba ta bisa kuskure.

Abin ya soki Samira fiye da labarin tsakuwa.

"A'a," ta ce. "Mayar mata. Ke... ke nika nuhi."

Yara mata uku suka miƙe a layin, kowace na nuna ƙirjinta. Ban da Nana.

"Ba ku ba. Ta... ta wurin taga."

Ta bayan Nana ta miƙe da sauri. Ita ma jikin taga take.

Aka fara 'yan dariya. Samira ta dubi Hajiya, Hajiya ta kawar da kai tana nazarin rufin aji kamar yau ta fara ganin kwano. Babu mai taimako. Duk hanyoyin da ta saba zagayawa sun toshe, saura guda, wadda ba ta taɓa bi ba.  Ta ji kamar uwarta da kakanninta duk sun jeru a bayanta suna kallo.

"Nana Fatima."

Da ƙyar ya fito, a shaƙe. Amma ya fito.

 Yara ba su san me ya faru ba, sun dai ga fuskar Malama.

Nana ta ɗago a hankali. Ta waiga baya ko akwai wata mai sunan.

"Nana Fatima," Samira ta sake cewa, wannan karon sarai. "Tashi. Ƙwallonki na."

Yarinyar ta miƙe, ta karɓi ƙwallon ta rungume a ƙirji. Samira ta tako har gaban bencin, abin da ba ta taɓa yi ba a wannan layin, ta durƙusa yadda idonsu zai daidaita.

"What is your name?"

Leɓunan Nana suka motsa, ba sauti. Samira ta tuna faɗan Hajiya na zuwan farko: in kin yi tambaya ki yi shiru, kar ki cike wa yaro gurbi, ki ƙirga biyar a zuci. Ta ƙirga. Ta kai biyar, ta ƙara biyar.

"My name is Nana Fatima Kamilu." Muryar 'yar ƙarama, amma kowace kalma a zaune. Ba ta tsaya nan ba. Ta faɗi shekarunta. Ta ce tana da ƙane guda. Ta ce tana son fura, tana son akuyar kakarta, tana son makaranta. Jimla na bin jimla, duk da karin muryar Malama, har da karkata kai.

"Kai!" in ji yaron nan mai barci, wanda ya farka. "Ashe tana magana!"

Tafi ya kaure ba wanda ya ba da umarni. A baya biron Hajiya Mairo na ta ɗigawa, tana yi tana share ƙasan tabarau da yatsa.

"Saura ke," in ji Samira, tana murmushi da jiƙaƙƙen ido. "Kin san doka. Kahin ki maido ƙwallo sai kin tambayi Malama."

Nana ta juya ƙwallon a hannunta. Tana da tambayoyin Turanci cike da kai, ta yi wa tsakuwa su sau ba adadi. Ba ta ɗauko ko ɗaya ba. Ta matso kusa, ta yi ƙasa da murya, da Hausa:

"Malama, ashe kin san sunana?"

 Hannun Samira ya tafi da kansa ya gyara karkataccen hijabin, ya tsaya a kan yarinyar.

"Tun ba ki san shi ba nis san shi," ta ce. "Kullum ina hwaɗinai. Ke ce ba ki ji, don a ciki nika hwaɗi."

"Ki ƙara hwaɗi."

"Nana."

"Duka."

"Nana Fatima."

Yarinyar ta yi dariya, dariyar da gidan Kamilu bai ji ba tun zuwanta, har da giɓin haƙori.

Sai hasken taga ya ragu.

Yaran layin ne suka fara juyawa. A waje, dab da taga, wata doguwar tsohuwa ce tsaye da lulluɓin baƙin zane, ƙurar hanya a ƙafarta, ƙullin kayan Nana da ta biya gida ta ɗauko a ƙarƙashin hammata. Allah kaɗai ya san tun yaushe take wurin. Fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Inna!" in ji Nana. Ta yunƙura za ta ruga, sai kuma ta tsaya, ɗayan hannunta ya damƙe bakin hijabin Samira.

Inna Sodangi ba ta dubi jikarta ba. Idonta na kan hannun da ke bisa kan yarinyar. A da, ko inuwar surukarta Samira ta hango, da tuni ta janye shi ta koma bakin allo.

"Wa nij ji ya kira sunan ga?" in ji tsohuwar.

Hajiya Mairo ta fara tattara takardunta za ta miƙe. Samira ta girgiza mata kai. Hannunta bai motsa daga inda yake ba.

"Ni ta, Inna."